Kalmar Ingilishi "station": ma'anoninta da yadda ta zama "tasha" a Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tafiya tsakanin Yamai da Damagaram ya san tasha. A can a ke shiga mota, a can a ke sauka, a can kuma a ke aika kaya da saƙo. Kalmar ta zauna a bakin Bahaushe har mutane da yawa ba su san baƙuwa ce ba. Asalinta kuwa kalmar Ingilishi ce, watau "station". Abin lura a nan shi ne, yawancin kalmomin zamani da Hausar Nijar ta ara daga Faransanci su ka fito, kamar lakwal da biro da jandarma da duwan, amma sunan wurin shiga mota daga Ingilishi ya zo.

Maƙasudin wannan bayani abu uku ne. Na farko, a nuna ma'anonin "station" a harshen da ya mallake ta. Na biyu, a bi sawun shigowarta cikin Hausa. Na uku, a tantance inda "station" da tasha su ka yi daidai da inda su ka rabu, domin mai fassara ko mai tsara littafin karatun manya da ya ɗauka ma'anarsu ɗaya ce a ko'ina zai riƙa sa wa mai karatu abin da ba Hausa ba.

1. Asalin kalmar

Ingilishi ma aro ya yi. Tushen kalmar yana cikin Latin, inda a ke da fi'ilin "stare", ma'anarsa tsayawa, da sunan da a ka ciro daga gare shi, "statio", watau tsayuwa ko wurin tsayuwa. Rumawa suna kiran wurin da mai gadi ya ke tsayawa da wannan suna, haka kuma wurin da jiragen ruwa su ke yada zango. Daga Latin kalmar ta gangaro cikin tsohon Faransanci. Bayan da Normandawa su ka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a a can shekaru masu yawa, kalmominsa su ka kwarara cikin Ingilishi. A wannan hanya "station" ta bi, ta bayyana a rubuce tsakanin ƙarni na 13 da na 14.

Wannan tushe na tsayuwa shi ne ya haifi wasu kalmomin Ingilishi da yawa, irin su "state" da "status" da "stable". Danginsa ne kuma a ke gani a ƙarshen sunayen ƙasashe kamar Pakistan da Afganistan, inda "stan" ta Farisanci ta ke nufin wuri ko ƙasa. Wanda ya riƙe wannan ma'ana ta tsayuwa ba zai sha wuya ba wajen gane sauran, gama dukansu daga gare ta su ka tsiro.

2. Ma'anoninta a Ingilishi

Ana iya kasa ma'anonin kalmar kashi shida.

a) Wurin da a ka ɗora mutum ya tsaya domin aiki. Wannan ita ce tsohuwar ma'ana. Mai gadi yana da nasa "station", haka ma matuƙin jirgin ruwan yaƙi. Idan a ka yi shelar "action stations", kowa zai ruga wurin da a ka ware masa. Daga nan ne kalmar ta zama fi'ili: "to station" shi ne a girke sojoji ko ma'aikaci a wani wuri.

b) Matsayin mutum a cikin jama'a. Idan Bature ya ce "station in life", yana nufin darajar da mutum ya ke da ita ta haihuwa ko ta dukiya. Wannan amfani ya tsufa, an fi samunsa a littattafan ƙarni na 18 da na 19, ko da ya ke har yanzu a kan ce wani yana da tunanin da ya wuce "station" ɗinsa, watau yana ɗaukan kansa fiye da yadda ya ke. Hausa ta bi irin wannan hanya da kanta: daga tsaya a ka sami matsayi. Larabci ma haka, gama muƙami da Hausa ta ara ya fito ne daga fi'ilin da ke nufin tsayuwa.

c) Wurin tsayawar abin hawa. Wannan ma'ana jirgin ƙasa ne ya yaɗa ta. An buɗe hanyar jirgi tsakanin Stockton da Darlington a 1825, sa'an nan ta Liverpool da Manchester a 1830, wadda ginin tasharta na Manchester ya ke nan har yau. Tun daga lokacin, idan mutumin Ingila ya ce "the station" bai ƙara kome ba, tashar jirgin ƙasa ya ke nufi. Daga baya a ka sami "bus station" ta manyan motocin fasinja.

d) Mazaunin wata hukuma ko wani aiki. A nan ne kalmar ta fi yaɗuwa. Akwai "police station" na ƴan sanda, wanda ya bazu bayan kafa rundunar ƴan sandan Landan a 1829. Akwai "fire station" na masu kashe gobara, da "power station" inda a ke samar da wutar lantarki, da "polling station" inda a ke jefa ƙuri'a, da "weather station" inda a ke auna ruwan sama da zafi, da "petrol station" inda a ke sayar da mai. Na baya-bayan nan shi ne "space station", kamar wanda ƙasashe da dama su ka haɗu su ka fara harhaɗawa a sararin samaniya a 1998, mutane su ka fara zama a ciki a 2000.

e) Wurin watsa shirye-shirye. Da rediyo ya bayyana, sai a ka kira wurin da murya ta ke fitowa "station". Ɗaya daga cikin na farko ita ce KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka, wadda ta fara aiki a 1920. BBC kuma ta fara a 1922. Kalmar ta haɗa gidan da ma'aikatansa da kuma wurin da mai sauraro ya ke kamo shi a akwatinsa.

f) Ma'anonin da su ka keɓanta da wasu wurare. A zamanin mulkin mallakar Ingila, garin da Turawan mulki su ke zaune shi ne "station". A Indiya akwai "hill station", garuruwan kan tudu da su ke gudu zuwa can lokacin zafi, kamar Simla, wadda a ka mai da babban birnin bazara a 1864. A Ostareliya kuwa "station" makeken wurin kiwon tumaki ko shanu ne, wani ya kan kai dubban murabba'in kilomita. A addinin Kirista kuma akwai "stations of the cross", wurare 14 da masu ibada su ke tsayawa.

Akwai wasu kalmomi biyu da su ka fito daga wannan gida, waɗanda su ke rikita masu koyo domin furucinsu ɗaya ne. "Stationary" sifa ce, ma'anarta abin da ya ke tsaye ba ya motsi. "Stationery" kuwa kayan rubutu ne, takarda da alƙalami da ambulan. Dangantakarsu ita ce, a dā mai sayar da littattafai da ya ke da shago zaunanne, saɓanin mai talla, shi a ke kira "stationer". Masu wannan sana'a sun kafa ƙungiyarsu a Landan a 1403, ta sami takardar izinin sarauta a 1557.

3. Bambancin amfani daga ƙasa zuwa ƙasa

Masu magana da Ingilishi ba su haɗu a kan amfani ɗaya ba. Abin da mutumin Ingila ya ke kira "petrol station", Ba'amurke "gas station" ya ke ce masa, a Nijeriya kuma an fi jin "filling station". A Gana wurin shiga motar haya "lorry station" ne. A Nijeriya kuwa "motor park" a ke cewa. Watau wurin da Bahaushe ya fi sani da sunan tasha, a Ingilishin maƙwabtansa na kusa ba a cika kiransa "station" ba.

Faransanci ma yana da kalmar "station", da rubutu iri ɗaya, amma bai raba mata aiki kamar Ingilishi ba. Tashar jirgin ƙasa a Faransanci "gare" ce, ta mota kuma "gare routière" ko "autogare". Ofishin ƴan sanda "commissariat" ne, wurin jefa ƙuri'a "bureau de vote", wurin samar da lantarki "centrale". An bar wa "station" wurin tsayawar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da gidan mai, da rediyo, da wuraren shaƙatawa. Wannan ya shafi ma'aikacin Nijar ƙwarai, domin sau da yawa rubutun da ya ke fassarawa zuwa Hausa ya riga ya bi ta Faransanci daga Ingilishi, kuma a kowane mataki ma'ana tana iya gocewa.

4. Yadda kalmar ta shigo Hausa

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano kuma ya kai Nguru a 1930. Waɗannan su ne tashoshin jirgi mafi kusa da ƙasashen Maraɗi da Damagaram, kuma gyaɗar da a ke nomawa a yankunan nan biyu ta daɗe tana bin hanyar Kano kafin ta kai bakin teku. Fatake da ƴan ci-rani da direbobi da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, ko ta Damagaram zuwa Kano ta Matamai da Daura, ko ta Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato ta Illela, su ne su ka ɗauko kalmar tare da ƴan uwanta, mota da direba da fasinja da lodi. Ba ta bi ta lakwal ko ta biro ba, ta bakin matafiya ta shigo. Shi ya sa ta riga jirgin kansa isowa da shekaru masu yawa, gama sai tsakanin 2014 da 2016 a ka shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Dosso, a 2021 kuma a ka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi.

Ta fuskar furuci, kalmar ta sha gyara uku kafin ta dace da harshen Bahaushe.

Na farko, Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere ba tare da wasali a tsakaninsu ba. Idan ta ari kalma irin wannan, yawanci ta kan saƙa wasali, kamar yadda ta yi a sito da sitiyari da sikeli. A wannan karo kuwa sai ta zubar da baƙin farko gaba ɗaya, a ka sami teshan, wadda har yanzu a kan ji ta a wasu wurare.

Na biyu, wasalin gaɓar farko ya gajarce ya koma a. Wannan ya dace da ɗabi'ar Hausa, wadda ba ta cika riƙe gajeren e a tsakiyar kalma ba.

Na uku, baƙin n na ƙarshe ya faɗi. Kunnen Bahaushe ya saba jin n a ƙarshen suna a matsayin mahaɗi, kamar a gidan sarki ko dokin Musa. Saboda haka sai a ka ɗauke shi ba na jikin kalmar ba ne, a ka cire shi. Haka ya faru ga inji, wanda asalinsa yana ƙarewa da n.

Da kalmar ta ƙare da wasalin a, sai ta bi ƙa'idar yawancin sunayen Hausa masu irin wannan ƙarshe, ta zama mace: tasha ce, tashar mota, tashar ta cika. Jam'inta ya bi sahun motoci da tagogi da ofisoshi, ya zama tashoshi. Wasu su kan zaci daga fi'ilin tashi ta fito, tun da ya ke daga can mota ta ke tashi. Zaton yana da daɗin ji, amma furuci bai goyi bayansa ba: wasalin farko na tashi dogo ne, na tasha kuwa gajere. Duk da haka, kamar da ke tsakaninsu ba za ta rasa taimakawa wajen saurin karɓuwar kalmar ba.

5. Ma'anonin tasha a Hausa

Daga cikin kashi shida na Ingilishi, Hausa ta ɗauki biyu sosai, ta ɗauki ɗan yanki na uku, ta bar sauran.

Ma'anar abin hawa ita ce gaba. Idan a ka ce tasha kurum, a Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, ta mota a ke nufi, kamar tashar Wadata a Yamai. Ana kuma faɗin tashar jirgin ƙasa. Hausa ta ma faɗaɗa ma'anar fiye da Ingilishi, ta ce tashar jiragen ruwa ga wurare irin su Kwatano da Lome da Ikko, alhali kuwa Ingilishi da Faransanci suna da wata kalma dabam ga wannan. Garuruwan da su ka tsiro a bakin hanya ma sun sami suna daga gare ta, kamar Tashar Yari da ke tsakanin Zariya da Kano.

Ma'anar rediyo ita ce ta biyu. A nan Hausa ta yi wani bambanci mai amfani. Gidan rediyo shi ne hukumar da gininta da ma'aikatanta, kamar Rediyon Nijar da a ka kafa a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. Tasha kuwa an fi faɗinta ga abin da mai sauraro ya ke kamowa: a kama tasha, a sauya tasha, tasha ta ɗauke. Daga rediyo ma'anar ta wuce zuwa talabijin, daga nan zuwa intanet, inda matasa su ke cewa wane ya buɗe tasha a YouTube.

Daga kashin mazaunin aiki, masu fassarar labarai sun shigo da tashar wutar lantarki da tashar nukiliya da tashar sararin samaniya. Waɗannan sun karɓu domin Hausa ba ta da wata kalma da ta riga su.

Bayan wannan, tasha ta haifi ƴaƴan da Ingilishi bai san su ba. Sarkin tasha shi ne shugaban wurin. Ƴan kamasho su ne masu neman fasinja. Ɗan tasha a asali mai aiki ne a can, amma yanzu zagi ne ga wanda ba shi da kunya ko tarbiyya, halinsa kuma shi ne tashanci. Kalmar da ta karɓi ɗafin -anci, kamar yadda a ke da iskanci, ba sauran a kira ta baƙuwa.

Ya kamata kuma a tuna da kalmar da tasha ta tarar. Kafin mota, wurin da ayari ya ke sauka zango ne, shi ne ma ya bai wa unguwannin Hausawa na Gana sunansu. Da tasha ta karɓe wurin saukar matafiya, zango bai ɓace ba. Ya koma wasu ayyuka, har a ke cewa zangon karatu, da gajeren zango a rediyo.

6. Inda kalmomin biyu su ka rabu

Ga wuraren da Ingilishi ya ke cewa "station" amma Bahaushe ba ya cewa tasha:

"police station": ofishin ƴan sanda, a Nijar a kan ce komisariya, a Nijeriya caji ofis.
"petrol station": gidan mai.
"polling station": rumfar zaɓe.
"fire station": ofishin ƴan kwana-kwana.
"station in life": matsayi ko daraja.
"station" na zamanin mulkin mallaka: bariki.
"to station": girke.

Kuskure a nan yana da sakamako. Idan takardar wayar da kai ta ce wa mutanen ƙauye su je tashar zaɓe, wanda bai daɗe da koyon karatu ba zai fara tunanin wurin shiga mota. Idan a ka rubuta tashar ƴan sanda, mai karatu zai iya ɗauka shingen da su ke tsai da motoci a hanya a ke nufi. Sabon mai karatu ba shi da wani harshe na biyu da zai koma ya gwada. Abin da ya gani a takarda shi zai bi. In kuwa ya ga rubutu bai yi daidai da maganar da ya saba ba sau ɗaya, sau biyu, sai ya fara ɗaukan Hausar littafi wani harshe ne dabam, wanda ba nasa ba.

7. Abin da ya shafi masu ƙamus da masu tsara littattafai

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari huɗu.

Ta farko, a karɓi tasha a matsayin kalmar Hausa cikakkiya. Ba a bukatar ƙirƙiro wata a madadinta, ko a maye gurbinta da aron Faransanci, tun da ya ke jama'ar ɓangarorin iyaka biyu sun haɗu a kanta. A fagen daidaita Hausar Nijar da ta Nijeriya, irin wannan kalma riba ce.

Ta biyu, a ƙamus mai harshe biyu ko uku, kada a rubuta "station" a gefe ɗaya, tasha a ɗaya gefen, a wuce. A jera ma'anonin ɗaya bayan ɗaya, kowace da fassararta da jimlar misali, a kuma nuna jinsin kalmar da jam'inta.

Ta uku, kafin a ƙara wa tasha wani sabon aiki, a fara duba ko Hausa tana da hanyarta. Tana da gida da ofis da rumfa da cibiya, tana kuma da ɗafin ma- na sunan wuri, wanda ya ba da masauƙi da matsaya da mazauni. Inda ɗaya daga cikinsu ya riga ya zauna a bakin jama'a, shi ya fi cancanta a rubuta.

Ta huɗu, a littattafan farko na karatun manya tasha tana da amfani wajen koyar da baƙin sh. Gaɓoɓinta biyu ne masu sauƙi, kowa ya san abin da ta ke nufi, kuma idan a ka jera ta da tasa, mai koyo zai ga da idonsa yadda harafi ɗaya ya ke sauya ma'ana.

Irin wannan bincike ya kamata a yi wa sauran kalmomin Ingilishi da su ka biyo hanyar mota su ka shigo Hausar Nijar, musamman layi da lamba da fasinja da lodi, gama kowacensu ta ɗauki wasu ma'anoni ta bar wasu, kuma masu fassara suna cin karo da su kullum.